Fashin Baƙi: Wa Ke Miƙa wa Ɗan Sakandare Karan Sigarinsa na Farko?

Duk lokacin da aka kama ɗan sakandare da sigari a aljihun wando, ko bidiyon wasu yara suna busa hayaƙin shisha ya karaɗe wayoyin jama'a, maganar da ake yi ba ta sauyawa: yaran zamani sun lalace, iyaye sun yi sake, tarbiyya ta mutu. Daga nan sai a zane yaron a gaban 'yan makaranta, ko a miƙa masa takardar kora, kowa ya koma harkarsa da tunanin an kashe wutar.

To amma akwai tambayar da ba a cika tsayawa a kanta ba. Shin shan taba a tsakanin ɗalibai matsalar rashin jin magana ce kawai, wadda bulala za ta iya da ita? In haka ne, me ya sa yaron da aka yi wa dukan kawo wuƙa yau ake sake kama shi a bayan banɗaki kafin wata ya zagayo? Kuma ta yaya, a Najeriya, ƙasar da doka ta haramta sayar wa wanda bai kai shekara 18 taba tun 2015, yaro sanye da kayan makaranta yake miƙa kuɗi a tireda a zaro masa kara ɗaya, har a ara masa ashana?

A ganina, laifin da muke jibga wa yaro shi kaɗai, kaso mafi tsoka nasa yana wuyan manya. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Wace taba ake magana a kai?

Taba ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Kakanninmu sun san taba gari da ake shaƙa ko a dumbuza a baki, sun san lofe, mata kuma sun san furen taba da ake goge haƙori da shi bayan an ci goro. Zariya ta daɗe da masana'antar sigari tun zamanin kamfanin taba na Najeriya, NTC. Sai dai a wancan lokacin abin na manya ne, yaro ba ya ma kusantarsa.

Yau abin da ke yawo a hannun ɗalibai ya kasu. Akwai sigari da kowa ya sani. Akwai shisha, wadda taba ce da aka kwaɓa da zaƙi da ƙamshin 'ya'yan itace, ana gasa ta da garwashi, hayaƙin ya bi ta cikin ruwa kafin a zuƙa. Akwai sigarin laturoni mai batir, wanda ba a ƙona ganye a cikinsa, wani ruwa yake dumamawa ya zama tururi. Sai taba gari da har yanzu ba ta ɓace ba. Kamanninsu sun bambanta, amma abu guda ya haɗa su: sinadarin nikotin. Shi ne ke ɗaure mutum.

Ya kamata kuma a raba ta da tabar wiwi. Wiwi ganye ne daban, haramtacce a doka, hukumar NDLEA ce ke farautar masu shi. Taba sigari kuwa doka ta halatta wa baligi ya saya. Wannan halaccin ne ya sa take zaune a kowace tireda, kusa da alewa da biskit, daidai tsayin idon yaro.

Girman abin ya kai ina?

Idan aka kwatanta Najeriya da ƙasa irin Indonesiya, inda mafi yawan maza ke shan sigari, sai a ga kamar mu da sauƙi. Binciken ƙasa baki ɗaya da aka yi kan manya a 2012 ya nuna kashi 5.6 cikin ɗari ne ke amfani da taba, wato kimanin namiji ɗaya cikin goma, da mace ɗaya cikin ɗari. Wani binciken da aka yi a makarantu a 2008, kan yara 'yan shekara 13 zuwa 15 a Abuja da Kano da Legas da Ibadan da Kuros Riba, ya nuna Kano ce kan gaba wajen shan sigari, da kimanin kashi 6 cikin ɗari.

Kashi 6 zai yi wa mai sauraro kamar ƙarami. Amma a ajin da ke da ɗalibai 60, yara uku ko huɗu ke nan, kuma waɗanda ba su wuce aji uku na ƙaramar sakandare ba ko suka ɗan haura. Sannan irin wannan bincike yana ƙirga wanda ke cikin aji ne ranar da aka zo, ya kuma yarda ya faɗi gaskiya. Yarinyar da ta san abin da zai biyo baya idan maganar ta isa gida, da wuya ta amsa. An kuma yi shi ne kafin shisha ta mamaye wuraren shaƙatawa, kafin sigarin laturoni ya shigo kasuwanninmu.

A duniya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2024 cewa yara miliyan 37 'yan shekara 13 zuwa 15 ne ke amfani da taba. Dalilin da ya sa ƙasa irin tamu ta shiga ido shi ne, shan sigari yana ja da baya a Turai da Amurka, mu kuma sama da rabin al'ummarmu ba su kai shekara 20 ba. Ga mai neman sababbin masu saye, babu kasuwar da ta fi wannan alkawari.

Abin da nikotin ke yi wa ƙwaƙwalwar yaro

Nan ne mafi yawan rashin fahimtar yake. Mutane suna ɗauka cewa mai shan sigari yana sha ne don ya ga dama, ranar da ya ga dama kuma zai ajiye. Sai a ce sabo turken wawa, a wuce wurin. Amma abin ya wuce sabo irin na shan shayi da safe.

Idan aka zuƙi hayaƙi, nikotin yana bi ta huhu ya shiga jini, ya isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙa 10 zuwa 20. A can yana sa a saki sinadarin dofamin, wanda shi ne ke ba mutum jin daɗi idan ya ci abinci yana jin yunwa ko ya samu abin da yake so. Daɗin ba ya daɗewa. Cikin sa'o'i kaɗan nikotin ya ragu a jini. Idan aka yi ta maimaitawa, ƙwaƙwalwa tana sauya kanta don ta zauna da wannan baƙon, har ta kai ba ta jin daidai sai da shi. Daga wannan gaɓar, yaron ba daɗi yake nema ba, gudun wahala yake yi: ƙunci, saurin fushi, kasa natsuwa a aji, ciwon kai, rashin barci. Da ya zuƙa sai waɗannan su lafa, shi kuma ya ɗauka sigarin ce ke kwantar masa da hankali. Bai san ita ce ta tayar da hankalin tun farko ba.

Abin da ya sa shekarun sakandare suka fi haɗari shi ne, ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25. Sashen da ke gaban kai, mai auna sakamako da taka wa son rai birki, shi ne ke zuwa a ƙarshe. Sashen neman jin daɗi da son burge abokai kuwa ya riga ya kankama tun farkon balaga. Saboda haka yaro yana kamuwa da wuri fiye da babba, da ɗan abin da bai kai na babba ba. Akwai yaran da alamun kamuwa ke bayyana a jikinsu tun ba su fara sha kullum ba. Wanda ke cewa “ni sai ranar Asabar kawai nake sha” yana iya kasancewa ya riga ya shiga hannu.

Binciken da aka daɗe ana yi a Amurka ya nuna kusan tara cikin goma na manyan da ke shan sigari kullum sun fara ne kafin ko a daidai shekara 18. Ma'anar wannan a fili take. Wanda ya tsallake sakandare bai taɓa ba, da wuya ya fara daga baya. Shekaru shida ɗin nan, daga aji ɗaya zuwa aji shida, su ne ke yanke hukuncin ko mutum zai yi shekara arba'in yana tari.

Cutar da ke biyo baya an san ta. Hayaƙin sigari yana ɗauke da sinadarai sama da 7,000, kimanin 70 daga cikinsu an tabbatar suna haddasa ciwon daji. Taba tana kashe har rabin waɗanda suka dawwama a kanta, tana kuma hallaka mutum sama da miliyan 7 a duniya duk shekara, ciki har da sama da miliyan ɗaya da ba su taɓa sha ba, hayaƙin wasu kawai suke shaƙa. Sai dai gaya wa ɗan shekara 15 cewa zai kamu da ciwon daji yana ɗan 55 ba ya girgiza shi. Abin da ya fi kusa da shi shi ne numfashin da ke yanke masa a filin ƙwallo, asmar da ke tashi, warin baki, da tarin fuka, wanda shan sigari ke ƙara haɗarin kamuwa da shi, a ƙasar da dama take cikin masu fama da shi sosai.

Kara ɗaya: inda gizo ke saƙar

Da a ce dole sai an sayi kwali guda, da yawancin ɗalibai ba za su fara ba. Kuɗin kwali ya fi ƙarfin kuɗin tara, kuma kwali yana da wahalar ɓoyewa a gida ko a ɗakin kwanan ɗalibai. Kara ɗaya kuwa ya warware masa duka biyun. Canjin aike ya isa. A sha a kango ko bayan shagon mai shayi, a tauna cingam ko a tsotsi Tom Tom, a wanke hannu, a shigo gida babu shaida.

Akwai abu na uku da sayarwa ɗai-ɗai ke ɓatawa. Tun 2021 aka wajabta buga hotunan gargaɗi a jikin kwalin sigari a Najeriya, masu rufe aƙalla rabin fuskar kwalin. An yi hakan ne don mai saye ya ga abin da ke jiransa duk lokacin da ya zaro kara. Yaron da ke sayen kara ɗaya bai taɓa riƙe kwalin ba. Gargaɗin yana can cikin akwatin mai tireda.

Yarjejeniyar yaƙi da taba ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda Najeriya ta amince da ita a 2005, ta ambaci wannan da sunansa: ta nemi ƙasashe su hana sayar da sigari ɗai-ɗai ko a ƙananan kwalaye, domin hakan ke sauƙaƙa wa yara saye. Dokarmu ta 2015 ta ɗauki wannan, ta ce sai dai a sayar da kwali cikakke mai kara 20. Wanda ya taɓa tsayawa gaban tireda a Kano ko Kaduna ko Maiduguri ya san yadda ake bin wannan doka.

Sai maganar aike, wadda ta fi ci mini rai. Babba yana zaune a majalisa ya kira yaron maƙwabta, “Kai, zo nan, je ka sayo mini kara biyu.” Yaro ba ya iya cewa a'a, domin an hore shi da girmama na gaba. Ta haka yake sanin sunayen sigari da farashinsu, mai tireda ya saba da fuskarsa, kunya ta fita. Ranar da ya je sayen nasa, ba wanda zai tambaye shi. In ma an tambaya, amsar tana bakinsa: aiko ni aka yi. A makarantun kwana siniya ne ke taka wannan rawar, ya aiki juniya ya tsallaka katanga, in ya dawo a bar masa guntu a matsayin lada.

A kan wannan sai a ɗora zancen abokai. Yaro yana son a ce ya waye, ba ya son a kira shi ɗan Hajiya ko baƙauye. Ga kuma ƙaryace-ƙaryacen da ke yawo a tsakaninsu: wai sigari na maganin sanyi lokacin hunturu, wai tana buɗe kai idan jarrabawar WAEC ko NECO ta matso. Na farkon ba gaskiya ba ne, nikotin ma matse jijiyoyin jini yake yi, yatsu su ƙara sanyi. Na biyun kuwa, ɗan kuzarin da ake ji na mintuna ne, abin da ke biyo baya shi ne ɗalibin da ba ya iya zama awa biyu a ɗakin jarrabawa hankalinsa bai koma waje ba.

Shisha da yaudarar ruwa

Shisha ta yi abin da sigari ta kasa yi shekara da shekaru: ta shiga cikin 'yan mata da 'ya'yan gidan mutunci ba tare da ta ɗauko abin kunyar da ke bin sigari ba. Ba ta wari, ƙamshin tuffa ko na'ana'a take yi. Ana shan ta a taron biki da zagayowar ranar haihuwa, ana ɗaukar hoto da ita. Yarinyar da ba za ta taɓa yarda a gan ta da karan sigari ba tana iya riƙe bututun shisha tana murmushi.

Abin da ake gaya musu shi ne ruwan da ke cikin tukunyar yana tace dafin. Ba ya tacewa. Sanyaya hayaƙin yake yi, hayaƙi mai sanyi kuma ba ya shaƙe maƙogwaro, don haka ake zuƙarsa da zurfi, a kuma daɗe ana yi. Karan sigari yana ƙarewa cikin minti biyar zuwa bakwai. Zaman shisha yana kai awa guda, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi tun 2005 cewa a irin wannan zama mutum yana iya shaƙar hayaƙin da yawansa ya kai na kara 100 ko fiye. Ga garwashin da ke samanta yana fitar da iskar kabon monoksaid, ita ce dai iskar da ke kashe mutanen da suka kwana da janareta a kunne cikin gida. Jiri da ciwon kan da ake ji bayan shan shisha, har wasu su yanke jiki su faɗi, yawanci daga nan yake. Bututu ɗaya kuma yana zagaya baki biyar ko shida. Babu kuma wanda ya san abin da mai haɗawa ya ƙara a ciki.

Gwamnatoci sun motsa. A 2018 ministan lafiya na lokacin, Farfesa Isaac Adewole, ya nemi jami'an tsaro su aiwatar da haramcin taba mai ɗanɗano, ya ambaci shisha da suna. Jihar Kano ta haramta ta a 2021. Kamaru da Mali sun yi haka a 2022. Amma rufe gidajen shisha ya tura abin ne zuwa ɗakunan samari, domin tukunyar ba ta da wahalar samu.

Sigarin laturoni: darasi daga Amurka

A 1997, sama da kashi 36 cikin ɗari na ɗaliban babbar sakandare a Amurka suna shan sigari. Da ƙarin haraji, da hana talla, da tsananta binciken shekarun mai saye, adadin ya faɗo ƙasa da kashi 2 a 2024. Wannan shaida ce cewa abin yana yiwuwa, kuma ba da bulala aka yi shi ba.

Sai dai ana cikin murna sai sigarin laturoni ya ɓullo ta bayan gida. Wani samfuri mai suna Juul, mai kama da filashin kwamfuta, da ɗanɗanon mangwaro da na'ana'a, ya cika makarantu. Zuwa 2019 kashi 27.5 cikin ɗari na ɗaliban suna zuƙar sigarin laturoni. A ƙarshen shekarar Amurka ta ɗaga shekarun sayen taba zuwa 21. Birtaniya kuma ta hana sayar da irin wanda ake sha a yar daga watan Yunin 2025, ɗaya daga cikin dalilanta shi ne yadda yara suka rungume shi.

Gaskiya ne ga babban da ya daɗe yana shan sigari, komawa na laturoni kacokan yana rage masa gubar da yake shaƙa. Amma yaron da bai taɓa shan komai ba, babu abin da ya rage masa, nikotin kawai aka ɗora masa. Irin waɗannan na'urori sun riga sun iso manyan biranenmu. Uwa za ta iya ganin ɗaya a jakar ɗanta ta ɗauka biro ne ko abin cajin waya.

Doka tana nan, a takarda

Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a Dokar Taƙaita Taba ta Ƙasa a watan Mayun 2015, ƙa'idojin aiwatar da ita kuma suka samu amincewa a 2019. Ta hana sayar wa wanda bai kai 18 ba, ta hana a sa yaro ya sayar, ta hana sayarwa ɗai-ɗai da ta intanet, ta hana talla, ta hana shan taba a makarantu da asibitoci da motocin haya. A 2024 hukumar tace finafinai ta ƙasa ta fito da ƙa'idar hana ƙawata shan taba a finafinai da bidiyon waƙoƙi. Nijar ma tana da tata dokar taƙaita taba tun 2006.

Wajen manyan kamfanoni an ɗan nuna haƙori. A 2007 gwamnatin tarayya da wasu jihohi, ciki har da Kano da Legas, sun kai kamfanonin sigari kotu bisa zargin jan hankalin ƙananan yara. A Disambar 2023 hukumar kare masu saye, FCCPC, ta sanar da tarar dala miliyan 110 a kan kamfanin sigari na BAT reshen Najeriya, bisa saɓa dokokin gasar kasuwanci da na taƙaita taba. Amma a matakin titi, inda yaro ke haɗuwa da sigari, shiru kake ji. Yawancin masu tireda ba su ma taɓa jin cewa sayar da kara ɗaya laifi ba ne.

Haraji ma haka. A 2018 aka fara ɗora Naira 1 a kan kowane kara, aka riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan a shekarun da suka biyo baya. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar haraji ya kai kashi 75 cikin ɗari na farashin da mai saye ke biya, mu kuwa muna can ƙasa da hakan. Tsada ita ce abin da ya fi korar yara daga sigari, domin aljihunsu ba shi da zurfi. Amma muddin ana ɓalle kwali ana sayarwa ɗai-ɗai, ƙarin ba ya cizon su yadda ya kamata.

Me kowane ɓangare ke cewa?

Kamfanoni suna cewa su manya suke sayar wa, suna biyan haraji, suna ba mutane aiki, kuma idan aka tsananta haraji 'yan fasa-ƙwauri ne za su cike gurbin. Fasa-ƙwauri gaskiya ne a iyakokinmu, amma maganinsa tsaron iyaka, ba arhar sigari ba. Kuma sana'ar da masu sayenta ke mutuwa ko suna tuba ba za ta ɗore ba sai da sababbin shiga, mun kuma ga shekarun da ake shiga.

Mai tireda yana cewa shi talaka ne, in bai sayar ba na kusa da shi zai sayar. Uzurinsa na biyu yana da ƙarfi, shi ya sa wa'azi ga mutum ɗaya ba ya aiki, sai an haɗa masu shagunan layin gaba ɗaya.

Ta fuskar addini, malamai sun daɗe suna tattaunawa. Lokacin da taba ta iso yankinmu, wajen farkon ƙarni na 17, Ahmad Baba na Timbuktu yana cikin waɗanda suka ga halaccinta, wasu suka saɓa masa. Ɗariƙar Tijjaniyya ta tsananta wajen hana ta. Bayan likitoci sun tabbatar da cutarwarta, mafi yawan malaman wannan zamani sun karkata ga haramci, saboda cutar da kai da ta wasu da almubazzaranci. Wannan ƙarfi ne babba da muke da shi. Abin da ya rage shi ne huɗubar ta riƙa ambaton mai sayarwa da mai aike, ba mai sha kaɗai ba.

Kora ko ceto?

Shugaban makarantar da ya kori ɗalibi yana da hujjarsa: yana kare sauran ne. Ban raina wannan ba, musamman idan yaron shi ne ke shigo da kayan yana rabawa. Amma a duba inda korarren ke zuwa. Ya bar wurin da ake sa masa ido, ya koma tasha ko majalisar da sigari ita ce mafi ƙanƙantar abin da ake sha. Ba kowane mai shan sigari ne ke wucewa zuwa wiwi ko kodin ko tiramol ba, amma wurin da ake ɓuya a sha ɗaya, nan ake samun sauran. Wani binciken ƙasa baki ɗaya na 2018 ya ƙiyasta 'yan Najeriya miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da miyagun ƙwayoyi. Ba mu da buƙatar ƙara musu yawa da hannunmu.

Ga iyaye, amfanin gane cewa kamu ne shi ne a san abin da za a tarar. Idan yaro ya daina, kwana biyu zuwa uku na farko su ne mafi zafi, makon farko yana da wuya, yawancin alamun kuma suna lafawa cikin mako biyu zuwa huɗu. Ƙishirwar sigari idan ta taso mintuna kaɗan take yi ta wuce. Komawa bayan an daina abu ne da ke faruwa da yawancin masu ƙoƙari, ba alamar taurin kai ba ce. Uban da ya san haka ba zai ɗauki zamewar farko a matsayin cin amana ba. Watan azumi dama ce mai kyau, tunda yaron yana wuni bai sha ba, abin da ake buƙata shi ne a riƙe shi tsakanin shan ruwa da sahur. Idan abin ya ci tura a kai shi wurin likita, kada a saya masa magani a kemis da ka. Uban da ke sha da kansa kuma ya sani cewa 'ya'yan masu shan sigari sun fi saurin farawa.

Abin da unguwa za ta iya yi ba tare da jiran Abuja ba shi ne ta fara daga bakin ƙofar makaranta. Ƙungiyar iyaye da malamai, da mai unguwa, da limami, su tara masu tireda da masu shayi da ke kewayen, a karanta musu abin da dokar 2015 ta ce, a yi matsaya cewa ba a miƙa wa yaro sigari ko da ya ce aiko shi aka yi. Babban da ke so ya taka da ƙafarsa. Wanda ya karya a kai sunansa ga hakimi ko ofishin 'yan sanda na yankin, domin ba alfarma ake roƙonsa ba, doka ce yake takawa.